Hannun Wa Ne

Su uku ne a gidan: Baba, Mama, da 'yarsu guda ɗaya wadda ke ajin ƙarshe na firamare. Baba makanike ne. Mama tana aikin guga a wani shagon wankin kaya, daga safe zuwa la'asar. Suna zaune a ɗaki biyu da falo, tagar falon tana kallon bayan tashar mota. Ba su da yawa, amma ba sa kwana da yunwa. Abin da suka rasa shi ne mutane. Iyayen Mama sun rasu, sauran danginta suna nesa, ba ta da wanda zai tsaya mata idan magana ta taso. Baba kuwa mutum ɗaya gare shi, yayansa, wanda yarinyar ke kira Baffa. Baffa ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya koya masa riƙon sifana, kuma garejin da suke aiki nasa ne. Saboda haka Baba bai taɓa koyon yadda ake ce wa yayansa a'a ba.

Sunan mahaifiyarsu aka sa wa yarinyar, don haka babu mai kiran sunan a cikinsu biyun. Baba yana ce mata Uwata, Baffa ma haka, kuma sukan yi gardamar wasa kan wanda ta fi so a cikin 'ya'yan nata.

A garejin Baffa akwai abubuwa biyu da ma'aikaci ke koya tun kafin ya iya kwance taya. Na farko shi ne jan kunnen mai mota. Duk motar da aka kawo, komai ƙanƙantar matsalarta, sai Baffa ya zagaya ta, ya girgiza kai, ya ce injin ya sha wahala, za su yi iya ƙoƙarinsu amma bai ɗauki alkawari ba. Yana faɗar haka ko da noti ɗaya ne ya kwance. Idan mota ta tashi lafiya an yaba musu, idan ta ƙi kuma dama an faɗa. Baba ya iya wannan magana har da girgiza kan. A gida yakan kwaikwayi yayansa idan Mama ta miƙo masa tocila ko dutsen guga ya duba, ita da yarinyar su yi ta dariya.

Na biyu ya fi nauyi. Idan an gyara mota ta fita, sannan ta dawo da matsalar da aka gyara, Baffa ba ya zargin motar. Sai ya tara kowa ya tambaya hannun wa ne. A wurinsa, mota biyu ƙirar kamfani ɗaya, masu matsala ɗaya, da aka sa wa kaya iri ɗaya, dole su tashi tare. Idan ɗaya ta dawo, to akwai wanda bai ɗaure wani abu ba. Yakan bi aikin daki-daki har ya gano mutumin, ya karɓe motar daga hannunsa, ya ƙarasa da kansa. Da wannan ya yi suna, kuma a kan mota yawanci yana da gaskiya.

Ciwon Baba ya fara da ɗan kumburi a gefen wuya. Ya ce kaluluwa ce, za ta sauka. Ba ta sauka ba. Ya riƙa tashi da safe rigarsa sharkaf da gumi, wandon aikinsa ya fara zame masa, har ya ƙara wa bel ɗinsa rami da ƙusa. Mama ta matsa masa har ya je asibiti. Aka yanki ɗan nama daga wurin aka kai gwaji, aka ce su dawo.

Ranar jin sakamako su huɗu suka je. A bakin ofishin likitar ma'aikaciyar jinya ta ce mutum ɗaya zai shiga tare da majinyaci. Baffa ya miƙe ba tare da ya dubi kowa ba, don shi ne babba. Mama da yarinyar suka zauna a benci a baranda, suna kallon wani mutum yana goge ƙasa.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce musu ciwon daji ne na kaluluwa, wanda ake kira limfoma, kuma irinsa yana cikin waɗanda ake warkewa da yawa. Sannan ta ce akwai wani abu da take so su ji da kyau. Ta ce jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai wani abu mai aiki kamar mai gadi. Idan ƙwaya ta lalace, shi ke tsayar da ita kada ta ci gaba da haihuwa, in ba ta gyaruwa kuma ya sa ta mutu. Likitoci suna kiransa TP53. Maganin da ake bayarwa yana raunata ƙwayoyin ciwon, amma sau da yawa mai gadin ne ke ƙarasa aikin. A naman da aka ciro daga wuyan Baba, mai gadin da kansa ya lalace. Ta ce masu irin wannan, ciwon ya fi yi musu taurin kai, kuma ya fi saurin dawowa bayan ya lafa. Ba kowa ba, amma da yawa. Za su yi duk abin da ya kamata, sai dai ba ta son su ɗauka an gama.

Baffa ya tambaye ta abu ɗaya: maganin da za a ba ƙaninsa shi ne wanda ake ba sauran? Ta ce da shi za a fara, haka ne. Ya gyaɗa kai, ya yi godiya.

Da suka fito baranda Baffa yana murmushi. Mama ta miƙe da sauri ta tambaya me aka ce.

"Akwai magani, ana warkewa," in ji Baffa. "Sauran kuma irin tamu ce ta yi mana. Injin ya sha wahala, ba ta ɗauki alkawari ba."

Ya girgiza kai irin na gareji. Baba ya yi dariya, karon farko cikin kwanaki, Mama ma ta yi ajiyar zuciya ta yi dariyar. Ba ƙarya suka shirya mata ba. Mutane ne da suka shafe rayuwarsu suna faɗar irin wannan magana ba da gaske ba, don haka da suka ji ta a bakin wani sai suka gane ta a matsayin tasu. Mama ba ta ji komai game da mai gadin ba.

Ɗakin da ake ba da maganin dogo ne, da kujeru masu jingina a jere, kowace da ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa a gefenta. Ana zuwa duk bayan 'yan makonni, a wuni a zaune. Kujerar da ke kusa da ta Baba ta wani mai gidan burodi ce, ƙaton mutum mai surutu, wanda kowa ke kira Mai Burodi. Shi ma limfoma ce, shi ma a wuya, kuma kusan tare suka fara. Ranar da babu makaranta yarinyar takan bi Baba, ta zauna a ƙaramar kujera tsakaninsu da littafinta.

"Makanike, yau wa za a fara zuba wa mai, ni ko kai?"

"Ni mana. Kai tankinka babba ne, in aka fara da kai sai magariba."

"Dubi mai magana. Kanka ya koma kamar burodin da aka shafa wa ƙwai. 'Yata, ki riƙa rufe shi, kada wani ya saya."

Haka suke yi har ruwan ya ƙare. Baffa ma yakan leƙo idan ya zo ɗaukar ƙaninsa. Bai cika shiga wasan ba. Yakan tsaya ya dubi ledojin biyu, ya karanta abin da ke jikinsu, ya gwada launin ruwan da ido. Ja ne a nan, ja ne a can. Har ma'aikaciyar jinya ya tambaya, ta ce masa iri ɗaya ne. Hankalinsa ya kwanta.

A gida Mama ta tsara komai. Ta tafasa ruwan sha, ta ware wa Baba kofi da faranti, ta jera ƙwayoyinsa a saman firji. Ba ta bar aiki ba, don gidan ba zai tsaya a kan ƙafa ɗaya ba, ita ma mai rauni. Daga tashi makaranta zuwa dawowar Mama, yarinyar ce ke tare da shi. A tsakiyar maganin mura ta kama ta. Mama ta ce ta zauna a ɗakinta har ta warke, don jikin Baba ba shi da ƙarfin yaƙi da komai yanzu. Ta yi biyayya a ranar farko. A rana ta biyu ta ji shi yana juyi shi kaɗai a falo, sai ta ɗauki littafin lissafinta ta je ta zauna a gefensa, shi kuma bai kore ta ba, ya ma taya ta aikin. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi, aka kwantar da shi a asibiti, aka ɗage zagayen magani na gaba da kamar mako guda. Ya tashi, aka ci gaba. Babu wanda ya sake tada maganar.

Kumburin ya sauka. Aka gama magani, aka yi hoto, aka ce babu abin da ake gani. Baba ya koma gareji, ba ya shiga ƙarƙashin mota amma yana zama a benci yana nuna wa ma'aikata da baki. Gashinsa ya fara tsirowa, laushi kamar na jariri. Mama ta daina tafasa ruwa.

Ba a yi nisa ba gumin ya dawo. Sai kumburi a hammata, sai wani a ɗaya gefen wuyan. Aka sake hoto, aka ce ciwon ne, kuma ya fi na farko yaɗuwa. Aka sa ranar fara wani magani dabam.

A wannan makon ne Mai Burodi ya zo dubiya, da babbar leda a hannu. Ya ƙara ƙiba, gashinsa ya cika, ya ce ya koma bakin tanda tuntuni. Ya yi ƙoƙarin wasan da suka saba, amma da ya ga yadda Baba ke zaune sai wasan ya mutu a bakinsa. Baffa yana wurin. Ya raka baƙon har ƙasa, kuma sun daɗe a tsaye a bakin titi. Yarinyar tana hango su ta taga, Baffa yana tambaya, Mai Burodi yana amsawa yana shafa ƙeya.

Da Baffa ya dawo bai zauna ba. Ya tsaya a tsakiyar falo kamar yadda yake tsayawa a gareji.

"Ba na zargin kowa," in ji shi. "Tambaya nake yi. Ciwo ɗaya, magani ɗaya, kujera kusa da kujera. Wancan yana can yana murza ƙullu, nawa ga shi a kwance. Hannun wa ne?"

"Yaya, ɗan'uwanka ba mota ba ne," in ji Mama.

"Da mota ne da tuni na gama da shi."

Sannan ya fara bin aikin daki-daki. Ya tambayi lokacin da ake ba da ƙwayoyi da wanda ke bayarwa. Ya tambayi abin da Baba ke ci, da ruwan da yake sha, da ranar da aka daina tafasawa. Ya ce matar Mai Burodi ta bar kanti gaba ɗaya ta zauna da mijinta daga farko har ƙarshe, ko ƙofa ba ta leƙa ba. Mama ta amsa komai a tsaye, hannunta a kan firji. Bai sami abin kamawa ba sai da ya zo kan zagayen da aka ɗage. Ya tambaya daga ina zazzaɓin nan ya fito. Baba ya ce zazzaɓi ai zazzaɓi ne. Yarinyar ce ta amsa daga bakin ƙofar ɗakinta, don an koya mata kada ta ɓoye gaskiya. Ta ce ita ce ta yi mura, ta zo ta zauna kusa da shi.

"To ga shi," in ji Baffa a hankali. Ya juyo ya dube ta, fuskarsa ta yi laushi. "Uwata, ba ke nake nufi ba. Ke yarinya ce. Da akwai babba a gidan da ba a yi haka ba."

Ya ce zai ɗauki ƙaninsa ya kai shi gidansa. A can akwai ɗaki a ware, matarsa tana gida kullum, babu yara masu kawo mura daga makaranta. Wannan karon shi zai kula da aikin da kansa. Idan an warke, sai a dawo.

Mama ba ta yi da Baffa ba. Mijinta ta duba, ta ce masa shi take jira ya yi magana, don gidansa ne, jikinsa ne. Baba ya dubi ƙasa. Ya ce Yaya ba ya nufin sharri, kuma na ɗan lokaci ne. Mama ta shiga ɗaki ta ɗauko jaka. Ta goge rigunansa ɗaya bayan ɗaya kafin ta ninke, duk da cewa a goge suke.

Gidan Baffa yana ɗaya gefen gari, mota biyu ake hawa kafin a kai. Ɗakin da aka ba Baba fes yake, da sabon labule da ƙamshin maganin goge ƙasa. Matar Baffa mutuniyar kirki ce, tana yin duk abin da aka ce, a kan lokaci. Mama takan je bayan ta tashi aiki, ta zauna a kujera kamar baƙuwa, a kawo mata shayi. Idan ta miƙa hannu za ta gyara masa filo sai a ce ta huta, an riga an gyara. Yarinyar kuwa sai ƙarshen mako, kuma daga bakin ƙofa. Baffa ya ajiye mata kujera a nan. Yakan taɓa goshinta da bayan hannu kafin ta zauna, yana wasa, yana cewa sai an duba injin kafin a shiga gareji. Takan yi murmushi don ya ji daɗi.

A waɗannan watannin Baba yana da sauran ƙarfi. Yana zama, yana cin abinci, yana hira. Daga gado yakan tambaye ta makaranta, ita kuma ta ɗaga murya ta amsa daga ƙofa. Wata rana ta ce masa tocilar gida ta mutu. Ya ce ta kawo ya duba, ya fara girgiza kai zai ce injin ya sha wahala, sai tari ya katse shi. Ta tambaye shi yaushe zai dawo gida.

"Da zarar Yaya ya ce, Uwata."

"In bai ce ba fa?"

Sai ya ce ta gyara zaman ɗankwalinta.

A gida ita da Mama ba sa maganar. Yarinyar ta daina zama a kujerar falo inda ta zauna ranar nan. Ta riƙa wanke hannu har fatar ta bushe ta tsage. A makaranta idan wata ta yi atishawa sai ta tashi ta canza wuri. Malamarsu ta aiko ta tambaya ko lafiya, Mama ta ce babanta ne ba shi da lafiya, aka bar maganar a nan. Kowace safiya kafin ta tashi daga gado takan sake bin ranar a ranta: da ta zauna a ɗakinta, da ba a ɗage magani ba, da yanzu Baba yana gareji kamar yadda Mai Burodi ke bakin tanda.

Magani na biyu bai kama ba. Kumburin ya ɗan ja baya, sannan ya taso. An bi kowace ƙa'ida a gidan Baffa, ba a yi kuskuren ko ƙwaya ɗaya ba, kuma Baba ya ci gaba da ramewa. Baffa ya daina wasa. Likitar ta ce tana son ganin iyali.

Wannan karon da ma'aikaciyar jinya ta ce mutum ɗaya, Mama ta riga Baffa miƙewa. Ta ce ita matarsa ce, za ta shiga, wanda ya ga dama ya biyo. Ta riƙo hannun yarinyar ba ta sake ba. Ma'aikaciyar ta dube su, ta buɗe ƙofa ta bar su duka.

Likitar ta fara bayanin hoton da aka yi. Ba ta yi nisa ba yarinyar ta yi magana, muryarta ƙasa ƙasa.

"Likita, murata ce?"

Likitar ba ta gane ba, sai da Mama ta yi mata bayani a taƙaice: murar, zazzaɓin, makon da aka ɗage, da abin da ya biyo baya. Likitar ta ajiye abin da ke hannunta. Ta jawo kujerarta kusa da yarinyar, ta ce mata a'a. Ta ce zazzaɓi yana kama mutane da yawa a lokacin wannan magani, har waɗanda ba su kusanci kowa ba, kuma ana ɗage wa mutane da yawa zagaye su warke sarai. Ta ce abin da ya dawo da ciwon yana cikin ciwon tun ranar da aka ciro naman, kafin a sa digo ɗaya na magani. Sannan ta sake faɗar maganar mai gadin, da kalmomi masu sauƙi, kamar yadda ta faɗa a karon farko.

Mama tana sauraro, bakinta a ɗan buɗe. Ta tambaya yaushe aka gano wannan. Likitar ta ce tun farko, kuma ta faɗa a ranar da ta ba da sakamako. Ta dubi mazan biyu, don ta tuna su.

Baffa ya gyara zama. Ya ce amma ga wani nan, ciwo ɗaya, magani ɗaya, ya warke. Likitar ta ce ba za ta yi maganar wani majinyaci ba, amma mutum biyu suna iya zuwa da suna ɗaya na ciwo alhali abin da ke cikin ƙwayoyin ya bambanta, kuma shi ya sa ake gwajin. Ya ce to a canza abin da ya lalace mana, a sa sabo. Ta ce har yanzu ba a kai ga iya wannan ba. Akwai wasu hanyoyi da ake gwadawa, za ta duba wadda jikinsa zai iya ɗauka, amma ya yi rauni sosai, kuma ba za ta ce musu za a yi nasara ba.

"Irin wannan maganar kika yi wancan karon," in ji Baffa.

"Na yi. Kuma da gaske nake yi wancan karon ma."

Baba ne ya yi magana, yana kallon hannuwansa.

"Mun ɗauka irin tamu ce."

"Kun ji wannan," in ji Mama, "kuka fito kuna dariya. Har ni kuka sa na yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ga likitar ta tambayi abin da ya fi damunta a lokacin, ko yarinyar za ta gada. Likitar ta ce a yawancin mutane lalacewar a cikin ƙwayoyin ciwon kaɗai take, ba a sauran jiki ba, kuma babu abin da ta gani a tarihin gidan da zai sa ta zargi gado. Mama ta gyaɗa kai, ta matse hannun 'yarta.

A ranar aka riƙe Baba a asibiti, don jininsa ya yi ƙasa kuma numfashinsa ba daidai ba. A baranda Baffa ya tsaya kusa da Mama yana juya makullin mota a yatsa. Bai ba da haƙuri ba, bai iya ba. Abin da ya ce shi ne, idan an sallami Baba, duk inda ya ce a kai shi nan za a kai shi. Mama ta ce ta ji.

Ba a sallame shi ba. Yarinyar takan zo kullum bayan makaranta, kuma yanzu babu mai hana ta zama a bakin gado. Takan riƙe hannunsa, ta ba shi labarin aji. Amma ƙarfin hira ya riga ya ƙare. Yawanci barci yake yi, idan ya farka kuma kalma biyu ko uku ce. Wata la'asar ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Uwata, gida nake so." Ta ce masa za su tafi. Ya rasu a wannan gadon, Mama a gefe ɗaya, Baffa a ɗaya gefen yana kuka kamar ƙaramin yaro.

A kwanakin gaisuwa gidan ya cika da mutanen gareji da masu motoci. Mai Burodi ya zo, ya zauna a lungu, bai iya haɗa ido da kowa ba, kamar warkewarsa laifi ce. Yarinyar tana kai ruwa falo ta ji Baffa yana magana da wasu abokansa. Yana cewa da an kai shi asibiti tun ranar da kumburin ya fito, da wataƙila. Yana cewa shi har yanzu bai yarda da mutumin da ya yi gwajin ba, kuma zai so ya san wanda ya haɗa magani na biyu. Abokan suna gyaɗa kai. Ta ajiye ruwan ta koma kicin, inda Mama ke wanke kofuna, ta ɗauki tsumma ta fara gogewa.

A nan tsaye ta gane cewa murarta ba ta kashe Baba ba, aikin Mama ma bai kashe shi ba, ciwon ya zo da lalacewarsa tun farko. Ta kuma gane cewa watannin da Baba ke iya zama ya yi hira, Baffa ne ya ɗauke mata su, Baba kuma ya bari, kuma dukansu biyu suna sonta.